Wayar da Aka Wanke a Tsafe

Litinin, 6 ga Oktoba

Hussaina ta kira bayan la'asar. Tun daga sallamarta na san ba lafiya ba, don matar Na Inna ba ta iya ɓoye abu a murya. Ta ce likitocin can Turai, inda yake koyarwa, sun gama bincike. Wata 'yar ƙofa ce a zuciyarsa ba ta rufuwa daidai, za a yi masa aiki ranar Alhamis, ashirin da uku ga wata. Ta ce, "Mama, shi ya hana a gaya miki, amma ni ba zan iya ba." Na ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba shi lafiya, kamar ana ba ni labarin ɗan maƙwabta. Da ta kashe wayar na zauna a bakin rijiya da guga a hannu, har aka kira magariba ban ɗebi ruwan ba.

Na Inna. Haka nake ce masa tun yana zanen goyo, don ina yaye shi Inna, mahaifiyar mijina marigayi Malam, ta ɗauke shi. Ɗan fari ne, kuma sunan surukina aka sa masa. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ya haura arba'in yanzu, bakina bai taɓa furta sunan nan ba, alƙalamina ma bai taɓa rubuta shi ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Haka muka taras iyayenmu suna yi.

Bizar da ya nema mini don ziyarar ƙarshen shekara ta riga ta fito. An matso da tikitin zuwa Talata, ashirin da ɗaya. In na rasa wannan jirgin, na bayansa sai Juma'a. An riga an shiga da shi ke nan.

Talata, 7 ga Oktoba

Ban ci komai ba sai fura. Ita ma ba ta wuce da daɗi ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Na shiga Gusau wurin Monica da sabuwar wayar da ya aiko mini tun da azumi, wadda ban san komai a cikinta ba sai amsa kira da kallon hoton jikoki. Da Monica muka koyar a firamare ɗaya har muka yi ritaya. Ita ta sha zuwa wurin 'yarta Godiya a ƙasar waje, ta san kan abin.

Tun daga bakin ƙofa ta ɗaga murya ta kira ni da Maman wane, ta faɗi sunan ɓaro-ɓaro, kamar yadda ta saba don ta ga na tsuke fuska. Su a wurinsu abin alfahari ne. Duk unguwarsu ba mai ce mata Monica sai ni, kowa Maman Zakariya. Na ce mata har yanzu ba ta yi hankali ba. Ta ce sai ranar da na yi.

Ta kira Na Inna a wayarta ta jingine ta da kwalbar mangyaɗa, yana ganinmu muna ganinsa. Ya rame. Kallo ɗaya na yi na mayar da idona kan tabarma.

Shi ya riƙa faɗa, Monica tana dannawa. Wai wani sabon tsari ne kamfanin jirgin da hukumar shige da ficen can suke gwadawa, fasfon mutum ya koma cikin wayarsa. Aka sauko da manhajar. Aka ɗauki shafin da hotona yake. Sai ya ce a kifa bayan wayar a kan bangon fasfon. Na ce wannan kuma wane irin tsafi ne? Ashe akwai wani ɗan ƙarfe siriri a cikin bangon wanda ido ba ya gani, shi ke riƙe da bayanin mutum. Wayar ta ɗan girgiza a hannun Monica, sai ga sunana, ga ranar haihuwata, ga hotona da ɗankwalin nan mai ruwan toka. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya ba ɗan Adam basira. Littafi ya yi wa waya raɗa a kunne, ta ji, ta riƙe.

Saura fuska. Wata da'ira ta fito, aka ce in sa fuskata a ciki in kalli kyamara kai tsaye. To ga shi can a jikin kwalbar mangyaɗa dab da ita, yana kallona. Da na ɗago sai idona ya sauka da kansa. Wayar ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Monica ta buga cinya ta ce, "Haba Malama Kulu! Waya ce fa, ba surukinki ba!" Shi ma ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai da ta juya shi ya kalli bango sannan na iya. Da'irar ta koma kore.

Da ta zo adana lambarsa ta rubuta sunan nasa, na sa ta goge. Ta sa Na Inna tana tsaki.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yau na buɗe littafin fasfon shafi-shafi ina neman bizar. Babu. Ba hatimi, ba manne, fari fat. Hankalina ya tashi na kira Monica, ta ce ai yanzu ba a buga ta a littafi, tana cikin wayar tare da tikitin. Na duba, ga ta kuwa. Na Inna dai ya ce littafin ma kada in bar shi a gida, a jaka zai zauna, amma wayar ce za ta yi magana.

Na tuna shekarar da muka je aikin Hajji da Malam. A sansanin alhazai fasfunanmu a buhu aka kawo su, wani jami'i ya hau tebur yana kiran suna, rana tana dukan mutane. Na Malam ya ɓace a cikin na wata jiha, muka yi kwanaki muna kwana a kan kwali kafin ya fito. Da yana raye ya ga wannan, da ya cire hula ya sosa kai ya ce, Kulu, zamani riga.

Monica ta ce a can ba ma sai na miƙa wa kowa komai ba. Bayanin ya riga ni isa. Ƙofa ce ta gilashi, ka tsaya, ta dube ka, ta gane ka, ta buɗe. Ni da na yi shekaru ina fama da yara su gane baƙi da wasali, yau ga ƙofa ta haddace fuskata tun ban je ba.

Lahadi, 12 ga Oktoba

An aiko mini da sabon gero daga gonarmu ta Nahuce. Na sa an surfa, na wanke, na shanya, gobe a kai inji. Garin kunu zan kai masa da tsamiya. Wai likita ya hana shi maiƙo da gishiri, to ban ji an hana kunu ba.

Laraba, 15 ga Oktoba

Kullum da hantsi sai na buɗe manhajar nan ta dube ni. Ba don komai ba, don kada in je can in ba da kunya. Na fara iyawa. Dabarar ita ce kada ka yi tunani, ka ɗago kawai ka tsayar da ido. Tana gane ni da ɗankwali, tana gane ni da hijabi, har da tabarau ta gane ni. Jiya na gwada murtuke fuska irin ta hedimasta, ba ta ruɗe ba.

A aji huɗu ni na koyar da Na Inna. Shekara guda cur ina ce masa "kai na bakin taga". Sakamakon jarrabawarsa ma Monica ke cike masa, ni in cike na yaran ajinta. Shi ya zo na ɗaya, na ba na biyu kyautar fensir a gaban aji, shi na ce ya ƙara ƙoƙari. Tun daga nan yake ce mini Malama, har yau. Kunya ado ce, kuma ba ta hana ƙauna. Ya sani ai. Ina jin ya sani.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ya kira da kansa, ba hoto, murya kawai. Muka yi maganar ruwan bana da farashin wake da rufin ɗakin baya da ke yoyo. Can da za mu yi sallama ya ce, "Malama, ina so in gan ki kafin a shiga da ni." Na ce in Allah ya yarda. Ya ce to. Na ce to.

Ina jin tsoro. A nan kaɗai zan faɗa.

Lahadi, 19 ga Oktoba, Tsafe

Na bar Bunguɗu da safe, na biya Gusau Monica ta ƙara cajin wayar, ta yi mini addu'a irin tasu, na ce amin irin tamu. Zan kwana gidan ƙanena Attahiru, gobe Lawwali, direban motarsa ta haya, ya wuce da ni Abuja.

Attahiru ya tsufa fiye da shekarunsa. Tun da mutanen daji suka tare shi a hanyar Funtuwa bai koma daidai ba. A wayarsa suka ga saƙon banki na cinikin hatsi, a kansa suka yanka abin da za a biya, sai da gonar fadama ta tafi kafin ya dawo. Ko ƙarar babur ya ji yanzu sai ya waiga. Hanyar nan kuwa ya rantse ba zai sake bin ta ba.

Ya ga wayar a hannuna ina nuna wa matarsa hoton jikoki cikin ƙanƙara. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Yaya, wagga waya hwa ba ta bin hanyar Yankara haka nan. Kawo in gyara miki ita." Na ɗauka caji yake nufi, ko irin robar nan da ake sa mata. Na buɗe na ba shi na tashi alwala. Bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya kawo ta a kashe, ya naɗe ta da fasfon a leda, ya tura su can tsakiyar garin kunu ya ɗaure. Ya ce kada in kunna sai na ga Abuja da idona.

Ya yanka mini zakara. Allah ya bar zumunci.

Litinin, 20 ga Oktoba, Abuja

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Hanya lafiya lau, ba wanda ya tare mu sai sojoji. Daga Tsafe zuwa Yankara ba mai magana a motar, kowa da carbinsa. Lawwali ya sauke ni a wani masauki kusa da filin jirgi ya juya don kada yamma ta yi masa.

Na yi wanka, na kwance garin, na kakkaɓe wayar na kunna. Ta gaishe ni da Turanci kamar ba ta taɓa ganina ba. Ba jikoki. Ba manhaja. Ba tikiti, ba biza. Na shiga wurin lambobi, lamba ɗaya tak, Attahiru.

Na kira shi nan take. Da murnarsa ya ɗauka. "Kun isa? Alhamdu lillahi! Ai wanke ta na sa anka yi tas, Yaya, wurin mai gyaran waya bakin tasha. Hotunan yaran ga na Turai, da lambobin waje, da wani abu mai tambarin gwamnati da hotonki ciki, duk an hidda su. Layin ma na canza miki, naki shina nan aljihuna. Da sun tare ku sunka ga kina da ɗa Turai, mi kike zato za su aza miki?"

Na ce Attahiru, bizar ce ka wanke. Ya ce ba ga littahin nan hannunki ba? Na ce ba a littafin take ba. Ya yi salati. Na ce ba ni lambar Na Inna. Ya ce shi tun da ya fito daga daji bai ajiye lambar waje ko ɗaya ba. Ta Monica fa? Bai taɓa samun ta ba. Ya ce da asuba zai tura yaro Gusau a nemo gidanta. Da asubar nake shiga filin jirgi.

Garin neman gira an rasa ido. Na so in zage shi, sai na ji yana kuka, dattijo da jikoki. Ya ce, "Yaya, ni abin da na gani ne ba ni so ki gani." To me zan ce? Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Duk motar nan da muka zo, na tabbata ba wanda bai share wayarsa ba kafin ya hau. Na ce ya yi shiru, Allah na nan.

Lambobin mutanen da na haddace duk na matattu ne. Ta Malam har yanzu tana kaina. Ta Na Inna kuwa ban taɓa tsayar da ido a kanta ba balle ta zauna.

Can suna ta kiran layin da ke aljihun Attahiru a kashe. Ga Na Inna da ciwon zuciya, ya san wace hanya na biyo yau.

Talata, 21 ga Oktoba, a cikin jirgi

Rubutun zai karkace, teburin ɗan mitsitsi ne. Amma sai na rubuta tun abin yana da zafi.

Ina idar da sallar asuba na tafi. Layi ya kawo kaina, na miƙa littafin. Ma'aikacin wani magidanci ne mai furfura a gemu, Tajuddeen aka rubuta a ƙirjinsa. Daga baya ya ce mini iyayensa mutanen Ilori ne amma a Zariya aka haife shi. Ya ga tikitina a kwamfutarsa, ya ce tikiti ba matsala, amma ba shi da ikon ba ni kujera sai ya ga izinin shiga ƙasar. Ya ce, "Hajiya, buɗe mini manhajar." Na ajiye masa wayar. Na gaya masa komai, har garin kunun.

Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Ya ce, "Hanyar Tsafe kika biyo? Allah ya kawo mana ƙarshen abin nan." Ya kira wata ta karɓi teburinsa, ya fito da ni gefe ya ba ni kujera.

Ya sake sauko da manhajar. Ta ce za ta aika lambar sirri zuwa layina. Layina yana Tsafe. Ya ce saura hanya ɗaya, a kira ofishin masu manhajar a can, in sun gamsu ni ce, za su mayar da abin kan sabon layi. Ya kira da wayarsa. Kiɗa ya yi ta yi, mutane suna ta wucewa da akwatuna, lasifika tana ta kiran jirginmu. Can wata Baturiya ta ɗauka. Ya yi mata bayani, ya miƙo mini ya ce da ni za ta yi magana, ba da shi ba.

Turancina na firamare bai ci amanata ba. Sunana, na faɗa. Ranar haihuwa, na faɗa. Lambar fasfo, na karanta mata. Sai ta ce saura tambaya ɗaya. Wane ne ya buɗe mini rajistar, wanda zan sauka wurinsa? Cikakken sunansa.

Na rufe bakin wayar na ce wa Tajuddeen ya ba ni biro in rubuta, shi ya karanta mata. Ko rubutun ban san ko hannuna zai yarda ba, amma ya fi sauƙi. Ya dube ni, ya gane nan take, don ɗan Zariya ne. Ya rage murya ya ce, "Ɗan fari ne ko? Hajiya, ki yi haƙuri. Ba ta ganin takarda, kuma in ta ji muryata za ta kashe. Daga bakinki take so." Ya ɗan matsa nesa ya juya baya, yana duba agogo.

Matar tana ta cewa ko ina jin ta. Ina jin ta. Ina kuma jin Inna, da surukina mai sunan, da duk matan gidanmu da suka rasu ba su taɓa yi ba. Sai na ji tarin nan nasa na gidan Monica.

Na yi yadda nake yi wa da'irar. Ban yi tunani ba, na ɗago kawai.

Na faɗa. Da nasa da na ubansa. Ya fito a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe, har ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce mene ne shi a wurina?

Na ce ɗana ne. Ba ta tambaye ni ƙari ba, amma na ji bakina ya ce, na fari.

Ta ce na gode, shi ke nan. Ita ko a jikinta. Ba ta san abin da ta sa aka sauke ba.

Lambar sirri ta shigo. Tajuddeen ya kifa wayar a kan fasfon, ta girgiza. Da'ira ta fito, na kalle ta ido cikin ido, da hawaye da komai, ta koma kore tun a karon farko. Sai ga komai ya dawo. Hotona da ɗankwali mai ruwan toka, bizar, tikitin. Na ce Malam Tajuddeen, ba an wanke ba? Ya ce, "Wayar aka wanke, Hajiya. Littafin yana nan, fuskarki tana nan. Su biyun in sun haɗu, ko sau nawa aka share sai ya dawo. Da wani ne ya tsinci wayar da littafin duka, ba abin da zai buɗe masa."

Wallahi abin ya burge ni har cikin rai. Ɓarawo ba zai iya ɗauka ba, mai ƙaunarka ma da ya share don ya cece ka bai iya ɓatarwa ba. Duk wanda ya zauna ya ƙago wannan, Allah ya yi wa iyayensa albarka, ko wane addini yake bi.

A cikin bayanan da suka dawo akwai lambar gidansu. Tajuddeen ya kira, Hussaina ta ɗauka da kuka, wai tun jiya ba wanda ya runtsa. Na ce ta gaya masa ina hanya. Da gudu-gudu aka raka ni, ni ce ta ƙarshe da ta shiga. Ko godiyar kirki ban yi wa bawan Allahn nan ba.

An kawo abinci a 'yar tasa. Ban san ko mene ne ba amma na cinye.

Laraba, 22 ga Oktoba

Gani ya kori ji. Da muka sauka jiya, ga layi ya yi tsawo ya naɗe kamar na masu karɓar fansho. Wata ma'aikaciya ta ga abin da ke wayata ta nuna mini wani gefe da ba kowa. Ƙofar gilashin da Monica ta faɗa. Na tsaya a kan zanen sawu biyu da ke ƙasa, na gyara hijabi, na ɗago. Ko bisimilla ban ƙarasa ba ta buɗe. Ba wanda ya ce daga ina, ba wanda ya juya littafina yana kallona sama da ƙasa. Tsohuwa daga Bunguɗu, ƙofar Turai ta buɗe mata kamar ta san gidansu. Har na ce mata sannu.

Garin kunun ne kawai suka buɗe, wani ya shinshina, na ce gero ne, ya ɗaure mini.

Yau da hantsi Hussaina ta kai ni asibiti. Yana kwance da wayoyi a ƙirji. Ya yunƙura zai tashi ya gaishe ni, na ce ya koma. Na zauna a kujerar gefen gadon. Da can da taga zan kalla.

Yana da furfura a gefen kunne. Yana da ɗan tabo a haɓa, ban san yaushe ya same shi ba. Idanunsa na Malam ne sak. Shi ne ya fara sunkuyar da kai, ya ce, "Malama, lafiya?" Na ce lafiya lau, wayarka ce ta koya mini.

Na ba shi labarin Attahiru ya yi dariya har nas ta leƙo. Ya ce a kira kawun nasa a ce masa ya kwantar da hankali. Labarin Baturiyar ban ba shi ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Sun shiga da shi. Ya Hayyu ya Ƙayyumu.

Juma'a, 24 ga Oktoba

An yi aikin, likita ya ce ya yi kyau. Amma ya daɗe bai farfaɗo ba, fiye da yadda suka so. Suka shigar da mu, ni da Hussaina. Nas ta ce a yi masa magana, a kira sunansa, suna ji ko ba su motsa ba. Hussaina ta buɗe baki kuka ya ci ƙarfinta. Ita ma dai ba sunansa take kira ba, Baban Halimatu take cewa.

Nas ta dube ni.

Ba wani abu ba ne. Umarnin asibiti ne, kuma ni ba na saɓa wa ma'aikata a bakin aikinsu. Na sunkuya dab da kunnensa.

A karo na biyu ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallona. Leɓensa ya motsa, abin numfashi ya hana a ji. Hussaina ta ce wai Inna ya ce. Na ce maganin barci ne bai sake shi ba, kakarsa yake gani. Ta ce, "Mama, ke yake kallo."

Lahadi, 26 ga Oktoba

Ana ruwa tun safe, siriri, ba tsawa ba iska. Sanyin garin nan sai su.

Na kira Attahiru, ya ce ya yi sadakar buhun dawa. Na ce ya adana mini layina, kuma in na dawo ya sake wanke wayar in ya ga dama, yanzu na san hanyar dawo da ita. Monica kuma da ta ji labari ta yi ta ihu a waya, ta kira ni da sunan nan nata. Ban ce mata komai ba. Tsufa ne, na gaji da faɗa.

Hussaina ta zauna tana mayar mini da lambobin mutane. Da ta zo kan tasa ta ce me za ta sa. Na ce ta kawo, ba ta iya rubutu da kyau ba.

An cire masa abin numfashi, an yarda ya sha ruwa-ruwa. Na dama kunu a gida muka kai a fulas.

Sama'ila ya sha rabin kofi. Ya ce tsamiya ta yi kaɗan. Gobe zan ƙara.